Armand Peugeot, Ɗan Maƙeran Da Sunansa Ya Sauka A Kakuri

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa har ya kai Kakuri da Makera, to ya shiga unguwannin da aka gina da gumin ma'aikata. A nan ne aka kafa masaƙar Kaduna cikin 1957, wasu masaƙun suka biyo bayanta, a nan ne kuma shugaban ƙasa na wancan lokaci, Janar Yakubu Gowon, ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a watan Maris na 1975. Tun daga sa'an nan wannan suna, wanda bakin Bahaushe ya mayar da shi Fijo, ya zama ɗan gari, har ya kasance babu wata tashar mota daga Sakkwato zuwa Maiduguri da ba a san shi ba.

Amma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka hau Fijo suka san cewa sunan wani gida ne na maƙera a ƙasar Faransa, kuma mutum guda ne daga cikin 'ya'yan gidan ya jawo su cikin sana'ar mota, alhali kuwa 'yan'uwansa ba su so. Wannan mutum shi ne Armand Peugeot. Bai taɓa jin sunan Kakuri ba, domin ya rasu cikin 1915, shekara biyu kafin Turawa su taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Duk da haka tarihinsa ya shafi mutanen Kakuri fiye da yadda ake tsammani.

Asalinsa

An haifi Armand cikin 1849 a yankin Montbeliard, can gabashin Faransa kusa da iyakar ƙasar Suwizalan, ƙasa mai tsaunuka da rafuka da tsananin sanyi. Kakansa Jean-Pierre da ɗan'uwansa Jean-Frederic su ne suka mayar da injin niƙa hatsi na gidansu ya koma maƙerar ƙarfe cikin 1810. Daga wannan maƙera aka riƙa fitar da zarto, da ƙarafan laima, da siraran ƙarafan da matan Turawa na zamanin ke sawa cikin tufafinsu don su buɗe, daga baya kuma aka ƙara da ɗan injin hannu na niƙa gahawa da na niƙa masoro.

Mahaifinsa, Emile Peugeot, shi ne ya yi rajistar alamar zaki cikin 1858. Asalin wannan alama kuwa tallar zarto ce, watau ana nufin haƙoran zarton gidan suna da ƙarfi kamar na zaki, jikinsa yana tanƙwaruwa ba ya karyewa, yankansa kuma yana da sauri. Ke nan zakin nan da ke gaban motocin haya na Kaduna zuwa Kano ya girmi motar kanta da shekara talatin da ɗoriya.

Armand ya tashi cikin ƙarar guduma da ƙaurin wuta. Da ya girma sai shi da ɗan wan mahaifinsa, Eugene, suka karɓi ragamar kamfanin. Eugene mutum ne mai tsantseni, ba ya son sa kuɗi inda bai ga ƙarshen abin ba. Armand kuwa mai son gwada sabon abu ne. Ya yi zama a birnin Leeds na Ingila, inda ya ga yadda masana'antun Ingilishi ke aiki, ya kuma lura da yadda keke ke shiga ran mutane. Da shawararsa ne kamfanin ya fara ƙera keke cikin 1882, irin na farkon nan mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, wanda mahayinsa ke zama can sama, in ya faɗi kuwa sai ya ji a jikinsa. Bayan 'yan shekaru aka koma ga keke mai sarƙa da ƙafafu daidai wa daida, ciniki ya buɗe, gidan ya sami riba mai yawa.

Daga Tururi Zuwa Fetur

Ribar keke ba ta sa Armand ya zauna ba. Abin da ke ransa shi ne abin hawa mai tafiya da kansa, ba doki ba ƙarfin ƙafa. Cikin 1889, shekarar da aka yi babban baje kolin duniya a birnin Paris, ya haɗa kai da wani injiniya mai suna Leon Serpollet suka nuna wata mota mai ƙafa uku mai aiki da tururi. Guda huɗu kacal aka yi. Tukunyar tururin ta cika nauyi, sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa kafin a motsa, saboda haka Armand bai ɓata lokaci ba ya watsar da ita.

A wannan lokaci ne ya san aikin wani Bajamushe, Gottlieb Daimler, wanda ya ƙago ƙaramin inji mai shan fetur. Kamfanin Panhard da Levassor na Paris shi ke da izinin ƙera wannan inji a Faransa. Aka yi yarjejeniya, Levassor ya riƙa ba da inji, Armand ya riƙa ƙera jikin mota yana ɗorawa. Cikin 1890 motarsa ta farko mai fetur ta taka ƙasa.

Direban yau da zai ga wannan mota da ƙyar zai yarda mota ce. Ƙafafunta masu waya ne irin na keke, tayarta dunƙulalliyar roba ce babu iska, injin yana baya, ƙarfinsa kuwa na doki biyu ne. Babu sitiyari, sai wani hannu kamar na keke. A samfurin da ya biyo bayanta, fasinjoji suna zama suna fuskantar direba, ta yadda sai ya leƙa ta tsakaninsu zai ga hanya. Babu fulogi, sai wasu 'yan bututu da ake gasawa da harshen wuta har su yi ja kafin injin ya tashi, in iska ta kaɗa da ƙarfi ta kashe wutar kuwa sai mota ta tsaya. Matuƙar gudunta bai kai kilomita 20 a awa guda ba.

Gwaji A Kan Hanya

Armand ya san cewa mutane ba za su sayi abin da suke ɗauka wasan yara ne ba, sai fa in sun gani da idonsu. Cikin watan Satumba na 1891 wata jaridar Paris ta shirya tseren keke daga Paris zuwa garin Brest da ke bakin teku, a kuma komo. Sai ya tura ma'aikatansa biyu, Louis Rigoulot da Auguste Doriot, su bi 'yan tseren da mota. Suka taso daga masana'antar da ke Valentigney, suka je Paris, suka wuce Brest, suka komo gida, tafiyar fiye da kilomita 2,000, a lokacin da babu gidan mai ko ɗaya a hanya, babu kuma bakaniken da ya taɓa ganin irin wannan inji. Masu keke sun riga su da kwanaki, amma motar ta je ta dawo da ƙafafunta, kuma wannan shi ne abin da Armand yake so a gani. Gani ya kori ji, masu kuɗi suka fara aiko da saƙo. Cikin 1892 har an ƙera wata mai ado na musamman domin Sarkin Tunis, wanda ake kira Bey, watau tun kamfanin yana jariri motarsa ta nufi Afirka.

Cikin watan Yuli na 1894 aka yi gasar motoci daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. Wata motar tururi ce ta fara isa, amma aka hana ta lambar farko saboda sai da mai zuba mata gawayi take tafiya, aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard. Da shekara ta kewayo aka yi wata daga Paris zuwa Bordeaux da komowa, kusan kilomita 1,200. Levassor ne ya fara isowa, amma motarsa ta mutum biyu ce, ƙa'ida kuwa ta ce sai mai kujera huɗu, saboda haka kyautar ta faɗa hannun Paul Koechlin da ke tuƙa Peugeot. A wannan tsere ne kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin suka gwada taya mai iska a jikin wata Peugeot. Sun sha faci ba adadi, amma daga nan aka gane inda duniya ta dosa.

Rabuwa Da 'Yan'uwa

Duk wannan suna da ake yi bai sauya ra'ayin Eugene ba. A ganinsa zarto da keke su ne ke ciyar da ma'aikata, mota kuwa rami ce da ake zuba dukiyar gida a ciki. Kuma in aka duba lissafi yana da hujja, domin motocin da aka yi cikin 1892 guda 29 ne kawai, cikin 1895 kuma 72. Saɓani ya yi tsanani har zama wuri ɗaya ya gagara. Cikin 1896 Armand ya ware ya kafa nasa kamfanin na motoci zalla, ya gina masana'anta a Audincourt, daga baya ya ƙara wata a Lille. Aka yi sharaɗi shi ba zai taɓa keke da kayan aiki ba, su kuma ba za su taɓa mota ba. Alamar zaki ma ta zauna a tsohon gida.

Shekarar 1896 ta zo masa da nauyi biyu. Yana da shekara 47 ya bar inuwar kamfanin da kakanninsa suka kafa, a cikinta ne kuma ɗansa namiji tilo, Raymond, ya rasu. Mutumin da ya sa duk abin da ya mallaka cikin sabuwar sana'a sai ga shi ba shi da magajin da zai bar wa.

Amma a wannan shekara ce ya yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci a rayuwarsa. Ya lura cewa muddin injin Daimler yake sawa, to ran motarsa yana hannun wasu, kuma waɗanda ke sayar masa da injin su ne abokan gasarsa a kasuwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka ya sa injiniyoyinsa suka zana inji na kansu mai silinda biyu, ya daina saye daga Panhard. Shekara shida ke nan tsakanin ranar da ya ɗora injin aro da ranar da ya mallaki nasa. Cikin 1899 ya sayar da motoci 300, alhali duk abin da aka sayar a Faransa a shekarar bai wuce 1,200 ba.

Da 'ya'yan Eugene, watau Pierre da Robert da Jules, suka ga yadda kasuwa ta juya, sai su ma suka nemi shiga. Aka daidaita suka riƙa biyan Armand wani abu, suka fara fitar da ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot. Eugene ya rasu cikin 1907. Armand ya duba ya ga tsufa ya zo, magaji babu, ga kuma gida ɗaya yana gasa da kansa. Cikin 1910 aka haɗe kamfanonin biyu, aka kafa babbar masana'antar Sochaux cikin 1912, zumuncin da mota ta raba ita ce kuma ta ɗinke shi.

Ƙarfi Da Gudu

A ƙarshen zamaninsa ne sunan gidan ya ƙetare teku. Wasu direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da wani mai zanen inji, Ernest Henry, suka ƙera inji mai bawul huɗu ga kowace silinda, da sanduna biyu a samansa masu buɗe su da rufe su. Da wannan inji Boillot ya ci babban tseren Faransa cikin 1912, ya kada motocin da injinsu ya kusa ninka nasa girma. Cikin 1913 Goux ya kai shi Amurka ya ci tseren mil 500 na Indianapolis, Peugeot ta sake ci cikin 1916 da 1919. Maƙeran Amurka suka kwance wannan inji suka yi nazarinsa, ya zama tushen injinan tserensu na shekaru masu yawa.

Amma a kan titi Amurkawa wata hanya suka bi daban, watau ta girman inji. Cikin 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki inji mai silinda takwas, mai faɗin lita shida da ɗoriya, ya cusa shi cikin matsakaiciyar mota ya kira ta GTO, wasu kamfanoni suka bi sahu da irin su Mustang da Charger. Daɗin waɗannan motoci yana ga rurin injin da yadda suke fizgar mutum in ya taka totur a miƙaƙƙen titi. Aibinsu kuwa shi ne birkin yawancinsu bai kai ƙarfin injin ba, bayansu yana zamewa a kwana, ga shan mai kamar rairayi. Da tsadar fetur ta 1973 ta zo, tare da dokokin rage hayaƙi da tsadar inshora, sai kasuwarsu ta faɗi, suka koma abin ajiya ga masu sha'awar tsofaffin motoci.

Gidan Peugeot kuwa ya riƙe darasin tafiyar Brest, watau mota ta je ta dawo. Armand ya sauka daga shugabanci cikin 1913, lokacin da kamfanin ke fitar da motoci kusan 10,000 a shekara, ya fi kowane a Faransa. Ya rasu a farkon 1915 a Neuilly, kusa da Paris, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, yana da shekara 65.

Gadonsa A Kudancin Kaduna

Jikokin gidan ne suka fitar da 404 cikin 1960 da 504 cikin 1968. Waɗannan motoci sun yi suna a tseren Safari na gabashin Afirka, inda ake bin laka da duwatsu, 404 ta ci sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 kuma ta ci cikin 1975 da 1978. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972, abin da ya dace da motocin Faransa, a ƙarshen wannan shekara kuma aka kafa kamfanin da ya gina masana'antar Kakuri. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko kayan motar daga birnin Lyon a sauke a Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna a harhaɗa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad cikin 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata don rage almubazzaranci. Ta haka mota ɗaya ta zama ta gwamna, ta alƙali, ta ɗan kasuwa da ta direban haya.

Wanda ya tuƙa tsohuwar Fijo ya san tana da halinta. Da sanyin hunturu sai an ja mata cok, an ɗan taka totur, an bar injin ya ɗumama kafin ta yarda ta tashi. Giyar 404 a jikin sitiyari take, sai hannun da ya saba ne ke samunta ba tare da ƙara ba. Sitiyarin yana da nauyi in mota tana tsaye, ƙurar hanya takan toshe kafireto, lagireto kuma yana son a riƙa duba ruwansa. Amma da zarar ta hau hanyar burji sai a ga dalilin da ya sa ake sonta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, tana shanye gargada da ramuka fasinja yana gyangyaɗi a kujera mai taushi. Injin 504 silinda huɗu ne, bai wuce lita biyu ba, watau kashi ɗaya cikin uku na GTO, amma doguwar nan mai layin kujeru uku takan kwashi mutane da kaya tun daga Kaduna har Legas. In ta lalace kuwa babu kwamfuta a jikinta, bakaniken ƙauye da sifana da filaya zai tashe ta. A-kori-kura ta 404 ita ce jakin kasuwannin ƙauye na tsawon shekaru. An daina yin 504 ta salun a Faransa cikin 1983, amma Kakuri ta ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka.

To, sai dai akwai inda tarihin Kakuri ya saɓa da na Armand. Shi ma da kayan wasu ya fara, yana ɗora injin Bajamushe a kan ƙarfen gidansu, amma cikin shekara shida ya tsaya da ƙafarsa. A Kakuri an horar da dubban ma'aikata, an kuma sami wasu sassan motar daga masana'antun cikin gida, amma zanen motar da injinta daga Faransa suka ci gaba da zuwa. Saboda haka da darajar Naira ta faɗi daga 1986, kuɗin shigo da kaya ya haura, motocin gwanjo daga Turai suka cika kasuwa, sai aikin ya ja baya, babu wani abu na gida da zai tokare shi. Masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, gwamnati ta sayar da hannun jarinta na kamfanin motar ga 'yan kasuwa cikin 2006, unguwannin da a da jiniyar tashi aiki ke cika titunansu da kekuna suka yi tsit. Cikin 2022 an fara harhaɗa Peugeot a wata sabuwar masana'anta ta haɗin gwiwa da kamfanin Ɗangote a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma tambayar da Armand ya amsa wa kansa cikin 1896 ita ce ke jiran wannan sabon yunƙuri.

Har yanzu akan ci karo da tsohuwar 504 a gareji a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, wani dattijo ya ƙi rabuwa da ita, yana neman mata kayan gyara a wurin 'yan gwangwan. Yaran da ke koyon aiki a irin waɗannan wurare suna kwance injinta su mayar ba tare da littafi ba. Ɗan maƙeran nan na Montbeliard ma da irin wannan hannu ya fara, sai dai shi ya sami masu zane da jari da masana'anta a bayansa, ya kuma ƙi yarda ya dawwama yana ɗora injin wani.